Horon Akori-kura

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar gindin darbejiya da ke layin masallaci a Unguwar Shanu ya san babu aikin da Alhaji Rabe bai iya ba. Ba wai an taɓa ganin ya yi ba ne. Shi dai yake faɗa, kuma da irin muryar da idan ka musa, kai za ka ji kunya. Aikin gwamnatinsa kaf a ɗakin ajiyar fayil ya yi shi, amma tun da ya yi ritaya sai tarihin ya shiga kumbura kamar ƙullun fanke. Yau shi ya ba injiniyoyi shawarar inda za a kafa gada, gobe shi ya gano ciwon da ya gagari likitoci.

Abu ɗaya ne ke rage masa murya, wato rashin mota. Tun da tsohuwar motarsa ta zauna a kan bulo aka sayar wa 'yan gwangwan, a Keke Napep yake zuwa ɗaurin aure, yana tattare babbar riga kada ta shiga taya.

Ana haka sai ɗansa na biyu, Ubaidullah, wanda ke aiki a Abuja, ya sayi sabuwar akori-kura fara sol, da ƙaramar tirela mai ƙafa biyu da ake maƙalawa a bayanta. Sana'ar ba da hayar rumfuna da kujerun biki yake son farawa a Kaduna. Aka kawo motar ƙofar gidan mahaifinsa, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Da yamma ya kira waya.

"Baba, ta iso lafiya? Zan nemi direba kafin in zo."

"Direban me? Ina raye za ka ɗauko wani ƙato ya zauna a kujerar nan?"

"Baba, aikin da wahala."

"Wahala a wurin wa? Ranar Asabar ba walimar saukar Aziza ba ce? Ni zan kai rumfunan da kujerun har makarantar Malam Yahya a Rafin Guza. Idan na kai su lafiya, makulli ya zama nawa, maganar direba ta mutu."

Aziza 'yar Ubaidullah ce, a hannun kakanninta take. Ubaidullah ya ce ya yarda. "Sai dai Baba, sabon inji ne. Masu ƙera motar sun ce kafin a ɗaura mata tirela sai an yi mata…" Ya faɗi wata kalma ta Turanci.

Alhaji Rabe bai taɓa jin kalmar ba, kuma ba ya cikin mutanen da ke cewa ba su sani ba. "Da Hausa aka haife ka, yi mini Hausa."

"To, yaya zan ce? Wato dai a hore ta tukuna. Ma'ana a riƙa…"

"Dakata. Ni za ka yi wa bayanin horo? Kakanka ne ke horon shanun huɗa na ƙasar Giwa gaba ɗaya. A gabana ake yi. Je ka yi aikinka."

Ya kashe wayar. Matarsa Hajiya Hansai, wadda ke gefe tana gyaran zogale, ta ɗago kai.

"Alhaji, ai da ka bari yaron ya kai aya."

"Hajiya, abin da zai faɗa na riga shi sani tun ba a haifi uwarsa ba."

"Ni ce dai uwar tasa, kuma tare muka yi firamare da kai."

Washegari a majalisa ya baje ilimin. Sa, in ji shi, ba a ɗaura masa amalanke haka kawai. Da farko a sa masa igiya a hanci. Sannan a ɗaura masa gungume ya yi ta ja har wuyansa ya saba da nauyi. Sannan a haɗa shi karkiya ɗaya da tsohon sa ya koyi tafiya. Kuma duk tsawon horon ba a cika masa ciki, don idan ya ƙoshi girman kai yake yi.

Alhaji Tijjani, Bakano daga Unguwar Kanawa, wanda ya shekara talatin yana wasan Kanawa da Zagezagi da Alhaji Rabe bai gaji ba, ya gyara zama.

"To Bazazzagi, motar tana da hanci ne?"

"Komai yana da hanci, Bakano. Ido ne ba ku da shi. Ku abin da kuka iya a mota shi ne taya ta a sayar."

"Kanwa fa? Na ji ana ba shanu kanwa."

"Sai ta gama karatu."

A majalisar akwai waɗanda suka yi shakkar abin, amma an daɗe ba a sami abin kallo a layin ba, sai kowa ya haɗiye shakkarsa.

Da hantsi aka ga Alhaji Rabe ya zura jar igiya a ragar gaban mota ya ƙulle. Ya sa 'yan ga-ruwa suka mirgino masa wani gungumen darbejiya da aka sare tun damina, aka ɗaure shi da sarƙa a ƙugiyar baya. Ya shiga, ya gyara hula a madubi, ya yi bismilla, ya taka.

Motar ta yi gurnani ta ja. Gungumen ya biyo ta yana kartar ƙasa, yana tsalle a kan kowane dutse. A miƙaƙƙiyar hanya abin ya yi kyau, har Alhaji ya fito da hannu yana amsa gaisuwa. Amma gungume ba ya shan kwana. Da motar ta karya dama a bakin kwalbati, shi sai ya zarce, ya share ƙafafun teburin Binta mai awara. Teburin ya durƙusa, awara ta watse, kajin layin suka yi sallah.

"Baba Alhaji, me na yi maka?" in ji Binta, tana riƙe da matsami.

"Ba ni ba ne, 'yata. Sabuwa ce, ba ta san mutane ba tukuna."

"To ta san awara, ga shi ta cinye mini jari."

Kafin a gama wannan, gungumen ya riga ya maƙale a bututan ruwan da suka ratsa kwata zuwa gidaje. Alhaji ya ji nauyi, ya ce taurin kai ne, ya ƙara wuta. Bututan suka biyo shi kamar taliya, ƙugiyar baya ta yi wata ƙara ta lanƙwashe. Allah ya taimaka famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, don haka babu wanda ya jiƙe. Sai dai masu gidajen sun fito, kuma Hajiya Hansai ce ta bi su gida gida tana ba da haƙuri har la'asar.

"Alhaji," ta ce da ta dawo, "ko dai mu kira Ubaidu ya sake faɗin abin nan da Turancin?"

"Yau ta yi tirjiya, gobe za ta yi laushi. Haka suke."

Saura haɗa karkiya. A duk faɗin unguwar babu tsohuwar akori-kura kamar ta Alhaji Tijjani, wadda ke kai itace gidajen burodi. Ba a san ainihin launinta ba. Ƙofar direba da waya ake ɗaure ta, kuma ba ta tashi sai an tura. Alhaji Tijjani ya ba da ita da hannu biyu, ya ce shi da kansa zai tuƙa, don irin wannan rana ba a aike.

Aka kai su filin ƙwallon bayan unguwa, aka jera su kafaɗa da kafaɗa. Aka gitta doguwar azara a kan ƙarafan bayansu, aka ɗaure tam.

"Ki kula da kyau," in ji Alhaji Rabe, yana shafa goshin sabuwar. "Ba kyau ake kallo ba, tafiya ake kallo."

"Ka gaya mata ta gaishe da yayarta," in ji Alhaji Tijjani ta taga.

Aka tura tsohuwar ta tashi da tari da hayaƙi. Suka ɗan taka tare kamar abin gaske. Ba su kai tsakiyar fili ba tsohuwar ta yi atishawa ta mutu. Sabuwar kuwa ba ta san an mutu ba. Ta ci gaba da ja ta gefe guda, sai motocin biyu suka shiga zagaye wuri ɗaya kamar masu neman abin da ya faɗi.

"Bazazzagi, tsaya. Tawa ta mutu."

"Ba a tsayawa a tsakiyar darasi."

"Jiri nake ji."

"Ka rufe ido."

Matasan da suka zo atisaye suka ajiye ƙwallo suka zauna a kan katanga. Wani ya fara ɗauka da waya. Ƙofar da aka ɗaure da waya ta buɗe, hular Alhaji Tijjani ta fice, aka zagayo aka taka ta, aka sake zagayowa aka sake taka ta. Can azarar ta ce ƙaras, guntunta ya zana wa sabuwar dogon layi daga ƙofa har wutsiya. Wani ƙauri ya tashi daga ƙarƙashinta kamar an jefa silifa a murhu.

Alhaji Tijjani ya fito yana tangaɗi, ya dafa tsohuwarsa. "Wannan ƙaurin fa?"

Alhaji Rabe ya shaƙa, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. "Zufa ce. Ta fara karyewa."

"Zanen nan fa?"

"Sheda. Kowane sa da tambarin gidansu."

A daren Alhamis bayan isha'i Ubaidullah ya kira.

"Baba, ana horon?"

"Ana yi. Ta yi gardama da farko, yanzu ta san mai ita."

Ubaidullah ya yi dariya, a zatonsa barkwancin tsofaffi ne. "A dai bi ta a hankali, Baba."

"Ko bulala ban taɓa ɗaga mata ba."

Ya sake yin dariya, suka yi sallama. Hajiya Hansai ta miƙa hannu a ba ta wayar, Alhaji ya jefa ta aljihu ya ce kati ya ƙare, alhali yaron ne ya kira.

Duk kwanakin nan ko ɗigon mai bai ƙara mata ba. Da wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari tana ƙyaftawa, ya kira Hajiya ta gani.

"Kin ga idonta ya yi ja. Yanzu ko yaro ya ce ta tsaya za ta tsaya."

"Wannan kam na yarda za ta tsaya," in ji Hajiya.

Ranar Asabar tun da safe aka loda tirela. Kujerun roba aka jera har sun fi mutum tsawo, ga ƙarafan rumfa, ga tamfol, ga lasifika. Da aka zo maƙala bakin tirelar a ƙugiya sai ya ƙi zama, don gungume ya riga ya karkatar da ita. Alhaji bai damu ba. Ya kwance jar igiyar hanci, ya naɗe bakin tirelar da ƙugiyar, ya yi irin ƙullin da ya ce da shi ake ɗaure amalanke a Giwa.

"Kawo tukwanen shinkafar a ɗora a sama," ya ce da Hajiya.

"A'a, Alhaji. Kada a yi wa ɗaliba nauyi ranar jarrabawa. Ni da shinkafa da Aziza mun tari Keke."

Aziza ta fito cikin farin hijabi, ta leƙa tagar kakanta. "Angona, idan ka makara na fasa auren."

"Kafin ki buɗe allo na iso, amarya."

Suka tafi. Alhaji Rabe ya saka babbar riga mai aska, ya ɗauki Alhaji Tijjani a gaba don a sami mai ba da labari. Suka fita unguwa lafiya, suka hau titi lafiya. Tirela na biye kamar rainon gida. Alhaji ya riƙa tuƙi da hannu ɗaya.

"Ka gani, Bakano? Ko waige ba ta yi."

"Na gani. Fitilar nan ce dai ta daina ƙyaftawa, ta tsaya cak."

"Natsuwa ke nan."

Makarantar Malam Yahya tana ƙasan wata gangara a Rafin Guza, da fili a gabanta. Jama'a sun cika filin suna tsaye a rana, iyaye da malamai da ɗalibai, kowa na duban hanya don ba wurin zama. A cikinsu har da Ubaidullah, wanda ya biyo jirgin ƙasan safe bai gaya wa kowa ba. Da farar motar ta bayyana a saman gangara, Alhaji Rabe ya danna ham sau da yawa don kada wani ya ce bai gani ba.

Nan motar ta yi shaƙuwa. Ta zabura, ta tsaya, ta sake zabura, sannan ta yi shiru gaba ɗaya. Alhaji ya taka birki da ƙarfinsa. Daga baya aka ji wani abu ya ce ɗas.

"Bazazzagi," in ji Alhaji Tijjani a hankali, "kana da wata tirela ne ban da wadda muka ɗauko?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Na ga wata tana wuce mu ta hagu, kuma kujerunta irin namu ne."

Alhaji Rabe ya juya. Ga tirelarsa nan tana gangarawa ita kaɗai, guntuwar jar igiya na reto a bakinta. Ya leƙa ta taga ya daka mata irin tsawar da ake yi wa shanu. Ba ta saurara ba, da yake ita ba a hore ta ba.

Jama'a suka dare biyu, malamai suka tattare riguna. Tirelar ta ratsa tsakiyar fili ba ta taɓa kowa ba, ta je ta kafa baki a tulin yashin da aka sauke don ginin sabon aji. Gindinta ya ɗaga sama. Kujeru suka tashi kamar tantabaru suka sauko ko'ina, wasu a kife, wasu a kan ƙafafunsu. Wata tsohuwa da ta gaji da tsayuwa ta ga ɗaya ta sauka kusa da ita, ta jawo ta ta zauna.

Alhaji Rabe ya sauko gangarar a ƙafa, yana tafiyar wanda ya tsara komai. Ubaidullah kuwa ya haura wurin motar. Ya zagaya ta, ya ga zanen, ya ga ƙugiyar, ya shaƙi ƙaurin, ya daɗe tsaye. Sannan ya dawo ya durƙusa ya gaishe da mahaifinsa.

"Baba, me ya sami motar?"

"Horo. Ba kai ka ce ba?"

"Wane irin horo, Baba?"

Alhaji Tijjani bai bari an wahalar da aboki ba. Ya karɓi bayanin, ya jero shi tiryan-tiryan a gaban jama'a, daga igiyar hanci zuwa gungume, daga karkiya zuwa yunwa, har da hularsa da aka taka. Ya ce kanwa kaɗai ta rage.

Ubaidullah ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ba a san ko dariya ba ce ko kuka. "Baba, abin da suke nufi, a yi ta yawo da ita a hankali, ba gudu, ba kaya. Kada ta ja komai sam, sai injin ya saki jiki."

"Kada ta ja komai?"

"Ko kaza, Baba."

"To wannan ai ba horo ba ne, shagwaɓa ce. Da ka ce a shagwaɓa ta, da na ba uwarka."

Dariyar da aka yi ta riƙewa ta ɓalle, har Malam Yahya sai da ya rufe baki da gefen rawani. Aka tattara kujeru, aka kafa rumfunan da ƙarafansu ba su lanƙwashe ba, aka yi walima. Aziza ta yi karatunta ba gargada. Wajen addu'a Malam Yahya ya gode wa iyaye da malamai, sannan ya ce Allah ya saka wa Alhaji Rabe da alheri, mutumin da saboda cika alkawari kayansa suka riga shi isowa. Aka shafa da amin mai ƙarfi.

Alhaji Rabe na zaune a sahun gaba, hannunsa na cikin aljihu a kan makulli. Ya san sharaɗin da ya gindaya da bakinsa, ya kuma san kowa a gidansa ya sani. Yana jira ya ji ta inda za a ɓullo. Da aka fara rabon shinkafa, Ubaidullah ya zo ya sake durƙusawa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, motar ta tare wa mutane hanya. Ara mini makullin in sa mata mai in matsar da ita."

Alhaji ya dube shi, ya dubi Hajiya Hansai da ke can tana zuba miya kamar ba ta ji ba. Ya zaro makullin a hankali, ya ɗaga shi yadda na bayan rumfa ma za su gani.

"Aro na ba ka. Ku shaida, aro ne."

"Aro ne, Baba."

Yanzu wani direba mai suna Jamilu ke jan motar, bayan ta yi jinya a gareji. Idan ta wuce ta gaban majalisa da tirelarta, Alhaji Rabe yakan nuna ta da baki ya ce a dubi tafiyar, hannun da ya fara taɓa ta ne ya sa. Idan Alhaji Tijjani ya tambayi labarin makulli, sai ya ce yana wurin yaro, aro ya karɓa. Ubaidullah kuwa ɗa ne mai ladabi, bai taɓa cewa ba zai mayar ba. Har yau dai bai gama matsar da ita daga hanya ba ne.